Ƙullin da ke Ƙarƙashin Kujera

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Laraba, Sufeto ko hularsa bai cire ba ya ji ana dukan kantar caji ofis da tafin hannu kamar za a tsaga katakon.

Wata tsohuwa ce, gajeriya, busasshiya, mayafi a karkace. Idanunta sun yi jajur, amma babu ɗigon hawaye ko ɗaya. A bayanta wani dogon mutum ne siriri, furfura ta fara taɓa masa gemu, yana ta jan gefen mayafinta.

"Inna, don Allah ki dangwala mu tafi. Jama'a na can gida suna jira."

"Sake ni, Babba! Yatsana ne ko naka?"

Saje ya miƙo wa Sufeto takarda, ya yi masa bayani a gurguje. Jiya da la'asar aka kawo rahoto daga babbar gonar kiwo da ke bayan gari. Injin yankan ciyawa ya kama direban sabuwar tarakta, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Manajan gona ya ce mamacin ne da kansa ya haɗe wayar kujera. An rubuta hatsari, an rubuta sakacin mamaci. Abin da ya rage uwar ta dangwala yatsa a ba su gawa.

"Na sa ya karanta mini," in ji tsohuwar, tana nuna Saje da haɓa. "Ban yi makaranta ba, amma kunnena ba a toshe yake ba. Sakaci! A kashe mini Auta, sannan a rubuta cewa shi ne wawan? Wallahi ko zai kwana bakwai a firjinku ban dangwala."

"Inna, ai ba mu muka kashe shi ba," in ji Saje.

"Kai na tambaya?"

Sufeto ya jawo mata benci, ta ƙi zama. Ya juya wajen dogon.

"Kai wane ne?"

"Wansa ne, yallaɓai. Ni ne babban direba a gonar."

"Mece ce wayar kujera?"

Babba ya yi bayani tsaf kamar wanda ya haddace. A ƙarƙashin kujerar tarakta akwai wani ɗan maɓalli. In direba na zaune, nauyinsa ya danne shi, sandar ƙarfen da ke juya injin yanka a baya sai ta yi ta juyawa. Da ya ɗaga, sai sandar ta tsaya cak. To amma a ƙasa mai gargada mota na cilla mutum sama, aiki ya yi ta yankewa. Shi ya sa direbobi ke haɗe wayoyin biyu, mota ta ɗauka kullum da mutum a kanta.

"Kowa na yi, yallaɓai. Shi nasa ya zo da ƙarar kwana."

"Kai ma ka taɓa yi wa sabuwar?"

"Ni? Ai tsohuwa nake ja. Sabuwa ba a ba irinmu." Ya yi wata 'yar dariya.

Sufeto ya san dariyar nan. Irinta ya yi watan jiya, ranar da aka ƙara wa wanda shi ya koya wa rubuta rahoto girma, aka ba shi ofis mai sanyi da mota, aka ce daga yau shi ne shugaban caji ofis. Dariya ce ta haƙora kawai, ciki na tafasa.

"Ɗana, ka ga Auta kuwa?" Tsohuwar ta matso har tana taka masa takalmi. "Je ka gan shi tukun. Buhu Biyu ake ce masa a gonar. Kujeruna uku ya karya a gida. Wane rami ne zai cilla wannan sama? Kuma kullum ya dawo aiki zancen ke nan: Inna, motar nan ta fi mutane hankali, in na tashi sai ta tsaya. Har na gaji da ji. Mutum zai lalata abin da yake kuri da shi?"

Babba ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

Daidai nan shugaban caji ofis ya shigo, turarensa ya riga shi. Ya leƙa takardar.

"Sufeto, wannan ai an gama da ita tun jiya."

"Ba ni lokaci zuwa la'asar, yallaɓai."

Yallaɓan nan sai da ta ƙona masa harshe kafin ta fita. Ya ninke takardar ya sa aljihu.

A ɗakin ajiye gawa na asibiti bai daɗe ba. Bai ce a buɗe duka ba, ya ga abin da ya gani a aikin nan, ba ya neman ƙari. Hannun hagu ya ce a nuna masa, wanda injin ya bari.

Hannu ne kamar faranti, kowane yatsa ya yi kaurin muciya. Sufeto ya ɗora nasa a gefe, sai ya zama kamar na jariri.

"Tsohuwar nan ba ta yi ƙari ba," in ji Saje.

"Rubuta."

"In rubuta me, yallaɓai? Ƙaton hannu?"

"Haka nan za ka rubuta."

Gonar tana da taraktoci huɗu a doguwar rumfar kwano. Uku sun koɗe, kujerunsu an ɗaure da tsumma, mai na ɗiga ƙarƙashinsu. Ta huɗun tana gefe ita kaɗai, fenti na ƙyalli, ga rufin inuwa, ga kujera mai laushi, ga ɗan gilashi a gaba mai nuna rubutu. An wanke injin yankan da ke bayanta, amma ƙudaje ba su yarda an wanke ba.

Manaja ya fito da gudu-gudu, mutum ne mai tumbi da biro uku a aljihu.

"Yallaɓai, ai na ba da bayani jiya. Abin ya dame mu ƙwarai. Yaro mai ƙwazo, amma ka san yaran yanzu da gaggawa."

"Yaya abin ya faru?"

"Wata tsohuwar igiya ce a cikin ciyawa ta naɗe wuƙaƙen, injin ya shaƙe ya tsaya. Ya sauko ya zagaya ya cire. Yana fizge igiyar sai injin ya kwance."

"Bai kashe sandar ba kafin ya sauko?"

"Ya saba kujera na kashe masa."

"Ya saba kujera na kashe masa," Sufeto ya maimaita. "Amma ka ce shi ya haɗe wayar. Mutum zai haɗe waya da hannunsa, sannan ya sauko yana jiran kujera ta kashe?"

Manaja ya ciro biro ɗaya, ya duba shi, ya mayar.

"Mantuwa, yallaɓai. Ɗan Adam ne."

"Kafin jiya ka san an taɓa wayar?"

"Ni? Wallahi sai bayan abin ya faru. Ai doka na kafa ranar da motar ta zo: duk wanda ya taɓa kujerar nan, a ranar zai sauka daga kanta."

Sufeto ya durƙusa a gefen kujerar, ya haska da wayarsa. Tsakanin ƙarfen kujera da ƙasan mota akwai wata 'yar kafa, faɗinta bai fi yatsu huɗu ba. Can ciki ya hango wayoyi biyu an murɗe su tare, an naɗe da baƙar roba. Bakin kafar yana da kaifi.

"Saje, sa hannu ka taɓo."

Saje ya naɗe hannun riga ya tura. Yatsu suka shiga, tafin ya ƙi. Ya juya, ya sake turawa, ya fizgo yana tsaki, fatar bayan hannunsa ta ɗaye.

"Yallaɓai, wannan sai mai hannun mata."

"Ko a kwance kujerar gaba ɗaya?"

Manaja ya yi saurin cewa, "A'a, ba a kwance ba. Ga jan fentin kamfani nan a kan notuna, bai fashe ba."

Da ya faɗa sai ya gane ya taimaki wanda bai yi niyyar taimaka ba.

Bakaniken gonar yana bayan rumfa, rabinsa a ƙarƙashin tirela. Sai da Saje ya taɓa masa ƙafa da takalmi sannan ya fito, tsoho ne mai haƙori ɗaya a gaba, baƙin mai har gira.

"Kai ke haɗe musu wayar kujera?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ban ma san inda take ba."

"Bakanike bai san inda waya take ba?"

"To, na sani, amma ban taɓa taɓawa ba."

Sufeto ya nufi tsofaffin taraktocin, ya ɗaga tsumman kujerar ta farko. Wayoyi biyu a haɗe, an naɗe da baƙin tef, tsaf-tsaf. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ya dawo ya zaro ƙullin baƙin tef da ke leƙowa daga aljihun bakaniken, ya riƙe masa a gaban hanci.

"Aljanu ne suka ara?"

Tsohon ya goge hannu a wando, ya zauna a kan taya.

"Yallaɓai, waɗannan ukun ni ne. Me zan yi? Direbobin nan ka gansu, duk kamar an shanya su. Babba in ya hau kujera, mota ba ta ma san an hau ba. Rami ɗaya, aiki ya yanke. Rami ɗaya, aiki ya yanke. Manaja na ihu hadari ya taso, ciyawa za ta jiƙe. Su zo su tsaya mini a ka. Gyaran gaskiya akwai shi, a sassauta sifirin ɗin kujera daidai nauyin mutum, amma wuni guda yake ci, wa zai ba ka wuni guda? Haɗe waya kuwa minti biyu."

"Ba ka tsoron ta kama wani?"

"Su sun san an haɗe, sai su kashe da hannu kafin su sauko. Wanda ya sani ba ya mutuwa, yallaɓai. Wanda bai sani ba ne."

"Sabuwar fa?"

"Wallahi tallahi ban taɓa ba. Ka ga aikina, tef nake sa wa. Ni bakanike ne, ba mai ɗaurin kaya ba. Roba! Kuma Buhu Biyu ko kusa da ita ba ya bari in je. Da hannun rigarsa yake goge mata ƙura. Ni da na shekara talatin ina kwana ƙarƙashin ƙarfe, ko sau ɗaya ba a ce in ɗana kujerar nan ba."

"Haushi kake ji ke nan."

"Wa bai ji ba? Duk gonar nan wa bai ji ba? Amma haushina a baki yake ƙarewa."

Sufeto ya sa shi ya kawo dogon almakashin waya. Da dabara tsohon ya zura, ya datse wayoyin gaba da baya, ya jawo haɗin ɗungurungum ba tare da ya kwance ba. Robar cikin tayar keke ce, an yanka ta siririya, an naɗe, an ƙulle da wani irin ƙulli mai kunne biyu, an cusa bakin ta ƙasa. Saje ya sa a leda.

Suna juyawa bakaniken ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ku tambayi mai biro uku abin da aka gaya masa jiya da safe a bakin famfo. Ina wanke hannu, ban ce na ji komai ba."

Manaja yana ofis yana shan ruwa kofi na biyu.

"Jiya da safe, a bakin famfo," in ji Sufeto, ko sallama bai yi ba. "Wa ya yi maka magana?"

"Mutane da yawa ke yi mini magana, yallaɓai."

"Saje, kawo ankwa. Wataƙila a caji ofis zai tuna."

"Tsaya, tsaya! Babba ne. Babban direba."

"Ya ce me?"

"Ya ce in duba ƙarƙashin kujerar sabuwar mota. Wai ran Litinin da yamma ya ga ƙanensa yana haɗe waya. Wai ba ya so ya tona masa asiri, amma doka doka ce."

"Ka duba?"

Manaja ya sake kurɓar ruwa.

"Na ce ka duba?"

"Hadari ya taso, yallaɓai. Ciyawar kadada goma a tsaye. In na duba na ga haka ne, dole in sauke shi, kuma ba wanda ya iya karanta gilashin nan sai shi. Na ce bari a gama yankan, gobe in duba."

"Ka kira Auta ka tambaye shi?"

"Da na tambaye shi ai maganar ta fito."

Ka ji mutumin banza. Kalma ɗaya da zai faɗa da safe, da yanzu tsohuwa na gida tana faɗan an cinye mata tukunya. Ya zaɓi ciyawa. Sufeto ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, ya cusa shi aljihu.

"Rubuta duk abin da ka faɗa, ka sa hannu. Kai ma da sauran magana a kanka."

Da azahar ya aika Saje da mota ya ɗauko Babba daga gidan makoki. Motar ta dawo da mutum biyu a baya.

"Yallaɓai, na ce mata shi kaɗai ake nema," in ji Saje yana share gumi. "Ta ce in na isa in sauke ta."

Tsohuwar ta sauko da kanta, ta ƙi hannun kowa. Ta tsaya ta ƙare wa sabuwar taraktar kallo tun daga taya har rufi. Yau ta fara ganinta. Ta tofar da yawu a gefe.

"Wannan ce mai hankalin?"

Sufeto ya kira Babba gaban motar.

"Ka gaya wa manaja ka ga ƙanenka yana haɗe waya ran Litinin."

Babba ya saci kallon uwarsa. "Haka ne, yallaɓai."

"Da safe a caji ofis ba ka faɗa ba."

"Gaban Inna ne. Ban so in ƙara mata."

"Ka gani da idonka?"

"Da idona."

"Kana ina?"

"Can, wajen tawa motar."

"Ya kwance kujerar?"

"A'a, hannu kawai ya zura."

"To nuna mini yadda ya yi."

Babba ya durƙusa. Ko leƙawa bai yi ba, ko laluba bai yi ba. Ya karkata tafin hannu, ya lanƙwasa wuyan hannun wata irin lanƙwasa, sai ga shi ciki har rabin damtse, sumul. Hannun rigarsa ya ja baya. A wuyan hannun akwai dogon karce, ya fara ɓawo, na kwana biyu.

Saje ya ɗaga nasa hannun, sabon karce irinsa a bayan hannun.

"Daga can wajen motarka ka koyi wannan lanƙwasar?" in ji Sufeto. "Na ga hannun ƙanenka da safe. Yatsunsa uku ba za su shiga kafar nan ba."

Babba ya zaro hannu a hankali, ya ja riga ya rufe.

"Karce ai kowane direba na da shi. Ƙarfe muke aiki da shi, yallaɓai. Wataƙila wani ya sa ya yi masa. Ga bakanike nan."

"Kai, Babba, ka ji tsoron Allah!" in ji bakaniken daga bayan tirela.

Sufeto ya karɓi ledar daga hannun Saje. Niyyarsa ya nuna wa Babba. Amma tsohuwar ta riga shi, ta fizge ledar, ta kai ta kusa da ido, ta juya ta, ta sake juyawa. Ta daɗe. Da ta yi magana, muryarta ta sauka, ba irin ta safe ba.

"Ƙullina ne."

"Naki, Inna?"

"Ni na ƙirƙire shi. Shekarar da ubansu ya mutu, ganye nake kaiwa kasuwa a kan tsohon kekensa. Igiya ba ta riƙe kwando a gargada, sai roba. Kunne biyu, ka cusa baki ta ƙasa, ko keke ya faɗi ba ya kwancewa. Mutum ɗaya na koya wa, don shi ke tura mini keken." Ta ɗago ido. "Auta yana goye a lokacin. Da ya tasa makaranta ya tafi. Bai taɓa ɗaure kwando ba a rayuwarsa. Takalminsa ma da ƙyar yake ɗaurewa."

Can nesa wata saniya ta yi kuka.

"Babba," ta ce. "Dube ni."

Bai duba ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, bayansa jingine da ƙatuwar tayar.

"Ban yi don ya mutu ba."

"Saje, rubuta," in ji Sufeto.

"Wallahi ban yi don ya mutu ba. So nake a sauke shi kawai. Na haɗe ran Litinin bayan an tashi, ya tafi wanka. Da safe na gaya wa manaja tun kafin a tayar da mota. Na ce zai duba nan take, ya gani, ya karɓe makulli, shi ke nan. Na ga motar ta fita fili. Na ce to, zai kira shi da hantsi. Hantsi ya wuce. Na ce da azahar."

"Kana ganinsa yana yanka, ba ka je ka gaya masa ba?"

"Sau biyu na juya kan motata wajensa. In ce masa me? In ce ni ne?"

"Da ka faɗa!" Tsohuwar ta daka masa tsawa har kwanon rumfa ya amsa. "Da ka faɗa, ya zage ka, ya mare ka ma, ku dawo mini gida ku biyu kuna gaba! Kujera, Babba? A kan kujera?"

Sai a lokacin ya ɗago. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf, amma idon a bushe yake da wani abu da ya daɗe a ciki.

"Ba kujera ba ce, Inna. Shekara ashirin da biyu ina gonar nan. Ni na tura keke ya yi karatu. Ni na roƙa aka ɗauke shi aiki. A cinyata ya koyi riƙe sitiyari. Ranar da motar nan ta zo na yi wanka na sa sabuwar riga, kowa na cewa Babba, taka ta iso. Manaja ya kunna gilashi ya ce in karanta. A gaban kowa. Na tsaya kamar gunki. Auta ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ko nufin komai bai yi ba. Aka miƙa masa makulli ta saman kaina."

"Sai ka kashe shi."

"Na haɗiye wannan. Wallahi na haɗiye. Amma kullum na biyo ta gidanki da yamma, kina bakin ƙofa kina gaya wa maƙwabta: Autana ne ke jan sabuwar mota, mai inuwa, mai hankali. Kin ce kin gaji da ji? Ke ce ke tambayarsa! Shekara ashirin da biyu, Inna, kin taɓa tambayata wace kala ce tawa?"

Tsohuwar ta buɗe baki. A karo na farko tun safe ba abin da ya fito.

Sufeto ya kawar da kai. Ya tuna daren jiya, a'a, ya tuna kullum, yadda yake ajiye fayil a ƙasan tari don kawai sabon shugaba ya nema ya rasa, a ga gazawarsa. Ƙaramin abu. Shi ma cewa yake ba don kowa ya cutu ba.

"Tashi," ya ce wa Babba, ba da tsawa ba.

Saje ya sa masa ankwa. Siraran hannuwan sai da aka matse ƙarfen har ƙarshe kafin ya kama. Aka shigar da shi bayan mota. Bai waiwayo ba.

Sufeto ya juya wajen bakaniken da manaja, wanda ya fito yana leƙe daga bakin ofis.

"Taraktocin nan uku, ba wadda za ta fita sai an kwance tef ɗin nan an gyara kujera yadda ya kamata."

"Yallaɓai, hadari..." in ji manaja.

"Ta jiƙe!" in ji tsohuwar, muryarta ta dawo. "Ta jiƙe ta ruɓe, shanunku su ci biro! Kai kuma baƙin tsoho, in ka ƙara naɗa tef a kujerar ɗan wani, Allah ya isa tsakanina da kai."

Bakaniken ya riga ya ɗauko sifana.

Kafin la'asar suna caji ofis. Sufeto ya zauna da kansa ya sake rubuta takardar. Ya shiga ofis mai sanyi, ya ajiye ta a kan tebur tare da wasu fayiloli biyu da suka kwana uku a ƙasan tarinsa.

"Ga su, yallaɓai. A wurina suka maƙale."

Shugaban ya dube shi, ya dubi fayilolin, ya sa hannu.

A bakin kantar, tsohuwar na tsaye inda ta tsaya da safe.

"Karanta mini," ta ce wa Saje. "A hankali. Kar ka tsallake ko ɗigo."

Saje ya karanta tun daga sama har ƙasa.

"Ina sakacin?"

"An cire, Inna. An rubuta cewa mamacin bai san an taɓa wayar ba."

"Sake karanta wurin."

Ya sake.

Ta miƙa babban yatsa, ya danna mata a tawada. Ta dangwala da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. Ta goge yatsan a gefen mayafi, ta gyara shi ya zauna daidai, ta nufi ƙofa. Za ta je ta karɓi ɗanta.

A bakin ƙofa ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Ɗana."

"Na'am, Inna," in ji Sufeto.

"Wancan da kuka rufe. Tun jiya da safe bai sa komai a cikinsa ba, ina lura da shi. A ba shi ruwa tukun, kar a fara da abinci, cikinsa ba ya so."

"Za a ba shi."

Ta taka mataki ɗaya, ta sake tsayawa.

"Motar tasa, wacce ce a cikin ukun?"

"Ta ƙarshe, wajen bango."

"Wace kala?"

Sufeto ya dubi Saje. Saje ya buɗe littafinsa, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya rufe.

"Ta koɗe, Inna. Ba a ganewa."

Ta gyaɗa kai, ta fita.